Odar Injunan Jima daga Italiya: Tsadar Albashinsu a Kan Wa Za Ta Faɗa?

Mai Majema: Salamu alaikum jama'a. Masu shirin kafa ƙaramar majema ta zamani a nan Sakkwato sun dage sai an yo odar injuna daga Italiya, ni kuwa ban yarda ba. A 2023, abin da ake kashewa kan ma'aikaci ɗaya a awa, albashi haɗe da inshora da fansho, ya kusa Yuro 30 a Italiya, a Jamus ya haura 40. Wannan kuɗin mai saye ke biyan shi. Ƙasar da albashi ya kai haka ba kasuwar mai riƙe da Naira ba ce. A nufi China ko Indiya ko Turkiyya.

Injiniya: Wa alaikumus salam Alhaji. Alƙaluman daidai ne, sai dai akwai tambayar da ta riga su: awa nawa na hannun mutum ke cikin abin da za a saya? Wuƙaƙen injin aske fata, wato mai rage mata kauri, kuɗinsu na cikin ingancin ƙarfe da yadda aka ba shi tauri a wuta, kuma mutum ɗaya na iya tsaron injuna da yawa. A ɗauka ƙwadago kashi 15 ne cikin 100 na farashi. Ko albashi ya ninka, ƙarin 15 ɗin ne kawai. Ɗinkin jaka ko takalmi kuwa hannu ne kusan komai, can maganarka ta zauna daram.

Ga inda kuɗin ke dawowa. Fatar jar akuya da za ta shiga takalmi ana aske ta ƙasa da milimita 1, kuma mai saye yana son kauri ɗaya daga wuya har gindi. In gangar wuƙaƙen ba ta daidaitu ba, ko ƙarfen na dakushewa da wuri, injin zai riƙa kakkarwa ya bar layi-layi a bayan fatar. Ba a cika lura da su ba sai an yi rini an goge, sannan su fito a fuska. Fatar da ta cancanci lamba ɗaya ta koma lamba uku, kuma haka za a yi ta yi kullum har ƙarshen rayuwar injin.

Malam Akawu: Injiniya, ka yi lissafin fata, ka bar lissafin kuɗi. Irin waɗannan injuna galibi sai an ba da kafin alƙalami, sau da yawa kashi 30, sannan a fara ƙerawa, a ɗauki watanni. Cikon kuma da Yuro za a biya, a farashin ranar biya. Kowa ya ga abin da ya faru tun Yunin 2023 da aka saki Naira. Ga ruwan banki: a ƙarshen 2024 ma'aunin ruwa na Babban Bankin Najeriya (CBN) kansa ya kai kashi 27.5. Injin da ya ninka na China tsada ya ninka kuɗin da ke kwance ba ya haihuwa. Sannan Najeriya ba ta sa hannu a yarjejeniyar ciniki ta EPA da Tarayyar Turai ba, don haka babu rangwamen fito don kaya sun fito daga can. Kwastam kan farashin CIF, wato kuɗin kaya haɗe da inshora da kuɗin jirgi, suke lissafi, a ɗora VAT kashi 7.5. Mai tsada a masana'anta shi ne mai tsada a Apapa.

Wakilin Fito: Gaskiya ne Malam. In ƙara da tarkon da ake yawan faɗawa: a dubi haruffa ukun da ke gefen farashi. Ƙananan masana'antun Turai sun fi ba da EXW, wato kaya a ƙofarsu. Akwatin katako, mota zuwa tashar Genoa ko Livorno, takardun fitarwa, duk naka ne. Na China kuma yawanci FOB ne, har cikin jirgi. Wanda ya jera su gefe da gefe bai kwatanta komai ba. A nemi kowa ya ba da CIF Legas, kuma a buɗe Form M, takardar shigo da kaya, a banki kafin a loda kaya. Abin da Italiya ta fi shi ne kusanci, jirginta na riga na China isowa da makonni. Daga Legas zuwa nan kuwa fiye da kilomita 1,000 ne ga kowa, don haka a rubuta a kwantiragi cewa a shafe duk gogaggen ƙarfe da man hana tsatsa a naɗe shi.

Mai Majema: To in ya iso ya lalace, wa zai gyara? Nan ne tsadar albashin ke cizo, Injiniya. Bature mai haɗa inji kuɗin yini ake biyan shi, ga tikiti, ga biza, ga masauki. Injunan nan na yanzu duk allon kwamfuta ne. A watan Afrilu zafinmu na haura digiri 40, da hunturu ƙura na shiga ko'ina, wuta kuma ta yi sama ta yi ƙasa. Kati ɗaya ya ƙone, majema ta tsaya, jiƙaƙƙun fatu na jira.

Injiniya: Wannan na karɓa, Alhaji, ita ce hujjarka mafi ƙarfi. Amma tana da magani. A yankunan jima na Italiya, Arzignano da Santa Croce sull'Arno da Solofra, akwai masu sabunta tsofaffin injuna masu aiki da matsin mai, waɗanda bakanike na gari zai iya buɗewa. A sa sharaɗi cewa kayan lantarkin ciki su zama na Siemens ko Schneider, boris kuma na SKF, don ana samun su a Kano da Legas. A sa na'urar da ke yanke wuta in layi ɗaya cikin uku ya ɗauke, domin abin da ya fi ƙona motar lantarkin inji ke nan. Akwatin lantarki ya zama rufaffe mai matatar ƙura. Wutarsu zagaye 50 ce kamar tamu, saɓanin ta Amurka mai 60.

Kuma ban ce a sayo komai can ba. Gangar jima, tankuna, tebura, amalanke, ɓarnar kuɗi ce a yo su daga Turai. Injin aske da na raba kaurin fata biyu kaɗai nake karewa.

Hajiya Mai Jakunkuna: Yayyena, ku fara da wanda zai sayi fatar. In Turai za ta, tun 2015 dokarsu ta hana kayan fata masu taɓa jiki in gubar kurom mai lamba shida, wadda kan samu daga sinadarin jima na kurom, ta kai miligiram 3 a kilo. Nan sayen sinadari daga masana'antar da ke ba da takardar gwajin da suka yarda da ita yana da amfani, kuma ƙananan kamfanonin can kan karɓi ƙaramar oda, ba sai ka cika kwantena ba. In kuwa dukawanmu ne za su saya, su yi takalman Sallah da ake kaiwa Illela da Nijar, babu mai ƙara ko sisi don an aske fata da injin Italiya. Jimar bagaruwa ma babu kurom a cikinta sam.

Malam Akawu: Shi ya sa har yanzu ina bayan Alhaji ga ƙaramar majema. Injin mai tsada sai da yawan aiki yake fansar kansa. A raba rarar farashin da yawan fatun da za a aske a shekara 5, a gani ko abin da ya hau kan kowace fata bai kai ribar tashi daga lamba uku zuwa lamba ɗaya ba. In fatun ba su da yawa, a kai Sharaɗa ko Challawa a Kano a biya kuɗin aiki.

Mai Majema: A nemo farashi uku, Italiya da Turkiyya da China, duk CIF Legas, tare da kuɗin wuƙaƙe da dutsen wasa na shekara 2. Amma ta yaya za a tabbatar da maganar kaurin nan kafin a biya?

Injiniya: A tura wa kowace masana'anta fatu 30 daga jima ɗaya, a ce su aske zuwa milimita 0.8 a kan ainihin injin da za a saya. In sun dawo a auna kowace a wuri biyar: wuya, tsakiyar baya, gindi da gefen ciki biyu. A rina 10 daga ciki baƙi a goge, layin kakkarwa ba ya ɓuya a baƙin rini. Sakamakon ya shiga kwantiragi a matsayin sharaɗin biyan ciko.