Neman kalmar Hausa: na'urar da ke tura intanet ta wayar wutar gida

Mai gabatar da shiri: Assalamu alaikum. Jama'a a agaza min. Asabar da safe zan shiga shirin kimiyya a rediyo, kuma na maƙale a kan abin da Turawa ke kira powerline adapter. Guda biyu ake sayarwa. Ɗaya a cusa a soket kusa da rawuta, wato na'urar da ke raba intanet a gida, a haɗa su da igiya, ɗayar a cusa a ɗakin da waifai ba ya kaiwa saboda kaurin bango. Sai intanet ya bi wayar wutar gidan ya ɓulla can. Me zan kira ta?

Wata ɗaliba: Adaftar wuta mana, Yaya.

Mai gyaran wuta: A'a, ƙanwata. A kasuwa in kika ce adafta, mai baki uku za a miƙo miki, ta cusa caja da fanka. Ita kuwa wannan soket ɗin bango take so kai tsaye. Na je wani gida an jona ta bayan sitabilaiza, fitilarta ta ƙi kamawa. Muna mayar da ita bango ta kama.

Malamin Hausa: Injiniya, ya ake yi wuta da intanet su bi waya ɗaya ba su gauraya ba?

Mai gyaran wuta: Malam, wutarmu tana kai-komo sau 50 a daƙiƙa, saƙon intanet kuwa sau miliyoyi. Ɗora shi ake yi a kanta, ta can ƙarshen ta sauke shi.

Malamin Hausa: To ai magana ta ƙare. Goyo ke nan. A ce 'yar goyo. Hausa ce tsantsa, tsohuwa a ƙauye ma za ta gane.

Wani matashi: Baba, za ta gane jaririya dai. Ni ina ganin a ce wutanet, gajere ne, ya zauna a baki.

Malamin Hausa: Wutanet? Subhanallahi. Irin wannan gamin gambizar ce ke kashe mana harshe. Mu da muka samar da yanar gizo da jirgin sama, yau mu rasa sunan ƙaramar na'ura?

Wani matashi: Amma Baba, ko lantarki da soket ai aro ne, kuma sun zama namu.

Mai sauraro daga Maraɗi: Ku tuna da mu fa. A nan kuran muke ce wa lantarki, kuma shirinku yana iso mu. Kullum sai a yanke kalma a Kano a ce ita ce Hausa.

Malamin Hausa: Shi ya sa na ce goyo, ɗan'uwa. Goyo babu iyakar ƙasa.

Mai gyaran wuta: Ni dai ko me za a kira ta, a faɗa wa mutane su biyu ne, kuma sai suna ƙarƙashin mita ɗaya. In aka ɗauke wuta, intanet ɗin can ɗakin ya tafi ke nan. Mu a shago tagwaye za mu fi riƙewa.

Mai gabatar da shiri: Na gode ƙwarai. Lokaci ya ƙure min. Zan ce tagwayen soket na intanet, sannan in yi bayani da misalin Malam, cewa wayar wuta ce ke goya saƙon.

Malamin Hausa: Soket ɗin nan bai kwanta min ba. Amma tunda goyon zai shiga, je ka yi. Bayan shirin sai mu dawo kanta.