Hoton kakanmu a bakin ramin kuza: in tafi Kaduna ko in fara da Jos?

Ɗan Gangare: Salamu alaikum. Da muke kwashe kayan kakarmu, Allah ya jiƙanta, na tsinci tsohon hoto a ƙasan adakarta. Maza bakwai a bakin ramin kuza, Bature ɗaya a zaune, layin dogo a bayansu. An rubuta Bukuru, garin da ke kusa da Jos, da ajami a baya. Babana ya ce na biyu daga dama mahaifinsu ne, baffana ya rantse ba shi ba ne. Mako biyu ke nan ina kwana da hoton nan. Hutun kwana uku gare ni: in je gidan adana takardun tarihi na Kaduna, ko gidan tarihin Jos? Hoton guda ɗaya ne tak.

Tsohon Malami: Wa alaikumussalam. Ɗana, dubi faɗin layin. Ƙaramin jirgin ƙasa mai siririn layi daga Zariya ya iso Jos a 1914, aka rufe layin a 1957. In siriri ne, ka rage shekaru masu yawa.

Na Anglo Jos: Baba, da girmanka, kamfanonin kuza ma suna da ƙananan layukan tura ƙasa. Layi kaɗai ba hujja ba ne.

Maman Biyu: Ka sa a gyara maka shi da kala. Dubu biyu na biya.

Ɗan Dilimi: Dubu biyu a ina? Bakwai aka caje ni, aka kuma sauya wa tsohona hanci.

Hajiyar Bauchi Road: Don Allah kada ka ba kowa hoton nan. Ni na ba wani mai hoto a babbar kasuwar Terminus ta Jos hotuna guda goma sha ɗaya ya wanke min sababbi, har da na auren iyayena. Yau gobe, yau gobe, wata huɗu ina sintiri. Sai gobarar kasuwar ta 2002. Da na same shi daga baya, ko haƙuri bai ba ni ba. 'Ya'yana ba su san fuskar mahaifiyata ba. Ni kaina ta fara ɓace min, wannan ne ke sa ni kuka.

Tsohon Malami: Allah ya ba ki haƙuri, Hajiya.

Yaron Kwararafa: Ni dai Baturen nake so a gano, ƙila ana bin sa bashin albashi.

Na Anglo Jos: Gidan tarihin Jos na 1952 ya fi ƙarfi a kayan Nok, wato tsofaffin gumakan yumbu, da tukwane. Takardun mulkin Turawa na Arewa suna Kaduna, ga cibiyar binciken tarihi ta Arewa House ma can. Amma sunan lebura da wuya ya shiga fayil, sai akawu.

Ɗan Dilimi: Kai ka taɓa zuwa, ko ji ka yi?

Na Anglo Jos: Sau biyu, lokacin karatuna.

Maman Biyu: Ku bar takarda, ya nemi tsofaffin Bukuru tun suna da rai.

Ɗan Gangare: To Kadunan fa, kwana uku zai isa?

Hajiyar Bauchi Road: Mu ma da laifinmu. A gidanmu tarin Gaskiya Ta Fi Kwabo na babanmu, ƙannena suka sayar wa mai ƙosai.

Ɗan Dilimi: Namu takardun gida ne gara ta cinye a saman silin, yanzu shekara shida muna shari'ar gado a kai.