Waye aka taɓa ce wa saiwar haƙorinsa ta yi kauri a hoto?

Uwargida daga Kurna: Salamu alaikum 'yan uwa. Na je a cire min turmi na ƙasa da ya rube, likita ya ce sai an ɗau hoto tukuna, da ya fito sai ya nuna min ƙarshen saiwar ya yi dunƙule kamar kan taɓarya maimakon ya tsuke. Wai ɓawon da ke lulluɓe da saiwar, sementum, shi ne ya taru da yawa. Akwai wanda ya taɓa shiga irin wannan?

Ɗan Fagge: Wlh ni ne Hajiya, amma ba a ɗau min hoto ba. Wani wuri aka kai ni, mutumin ya dinga ja yana murɗawa har kan haƙorin ya karye saiwar ta maƙale, sai daga baya a asibiti aka yi hoton aka ga dalili, ƙasan ya fi ramin da zai bi ya fito faɗi. Sai da aka tsaga dasashi aka rage ƙashi kaɗan aka raba saiwar kafin ta fito, aka yi ɗinki. Na sha wuya gsky.

'Yar Gwale: Ni ban ji ciwo ba ko kaɗan. Babban hoton nan da injin ke zagaya kai ya nuna duk muƙamuƙi aka yi min saboda wani haƙorin daban, a nan aka gani. Na saman da suke haɗuwa ya daɗe da fita, likita ta ce hakan na iya jawo shi. Ta ce a bar shi tunda lafiyarsa ƙalau.

Ma'aikacin haƙori: Haka ne Anti, yawanci ba ya ciwo kuma ba sai an yi magani ba. A hoton muna duba siririn baƙin layin da ke tsakanin saiwa da ƙashi, in ya zagaye kaurin lafiya lau to taruwar sementum ce, ba ciwon ƙari ba. Daɗaɗɗen kumburi a gindin saiwa da yawan cije haƙora ma suna kawo shi. In haƙora da yawa ne suka yi haka sai a binciki ciwon ƙashi na Paget. In ƙaramin hoto bai fayyace ba akan tura mutum CBCT, wato hoton da ke nuna haƙori da ƙashi ta kowane ɓangare.

Uwargida daga Kurna: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Ɗan Fagge Allah ya ƙara sauƙi. Dama allurar kashe zafi kawai ake yi ko sai an sa mutum barci?

Ɗan Fagge: Amin Hajiya. Ni allura ce kawai a dasashi, idona biyu, kuma ranar na koma gida. Ki tafi da hoton naki dai.