Wa ya buɗe wa baƙar fata ƙofar NFL: Kenny Washington ko Fritz Pollard?

Auwalu: Jama'a, ni fa ina nan kan bakana: a ƙwallon Amurka, Kenny Washington ne ya buɗe wa baƙar fata ƙofar NFL, babbar gasar wasan. Ranar 21 ga Maris 1946 Los Angeles Rams suka ɗauke shi a matsayin mai ruga da ƙwallo, shekara guda kafin Jackie Robinson, shi ma baƙar fata, ya shiga babbar gasar besbol. Su biyun ma tare suka buga wa jami'ar UCLA.

Malam Sani: Auwalu, ka tsallake shekara 26. A 1920, shekarar da aka kafa gasar, Fritz Pollard yana ruga da ƙwallo a Akron Pros, kuma su suka zama zakarun farko. A 1921 yana cikin masu horar da ƙungiyar. Bayan Pollard, ba a sake ganin baƙin mutum a kujerar babban mai horarwa ba sai Art Shell a 1989. Ta yaya za ka ce wanda ya zo daga baya ne ya buɗe ƙofa?

Auwalu: Allah ya gafarta Malam, ƙofar da aka buɗe aka sake rufewa, ai sai an sake buɗe ta. Daga 1934 zuwa 1945 babu baƙar fata ko ɗaya a gasar. Joe Lillard da Ray Kemp ne na ƙarshe a 1933. Ba wata doka aka rubuta ba, masu ƙungiyoyi ne kawai suka daina ɗauka.

Hajara: Ku yi haƙuri in shigo. Yaya Auwalu, Rams ba don Allah suka ɗauki Washington ba. Sun taso daga Cleveland suna son yin wasa a filin Coliseum, wanda na gwamnati ne, baƙar fata ma da harajinsu a ciki. 'Yan jaridar baƙar fata irin su Halley Harding suka matsa wa hukumar filin lamba kan kada a ba ƙungiyar da ba ta ɗaukar baƙar fata. In akwai wanda ya tura ƙofar, su ne.

Auwalu: To ai wani ne dai zai shiga fili ya sha duka, ba ɗan jarida ba. Washington, mutumin da ya fi kowa tara yadi (tazarar da aka ci gaba da ƙwallo) a wasan jami'o'i a 1939, aka ƙi ɗaukarsa, ya ƙare ƙuruciyarsa a ƙaramar gasa da Hollywood Bears. Ya iso NFL gwiwoyinsa sun sha tiyata, duk da haka a 1947 ya yi gudun yadi 92 a ɗauka ɗaya.

Malam Sani: In maganar shan wuya ce, Pollard a Akron ba ya ma sauya kaya tare da abokan wasansa, sai a masana'antar taba ta mai ƙungiyar, a kawo shi fili dab da farawa. Kuma da aka rufe ƙofar bai zauna ba, ya horar da Brown Bombers a Harlem, baƙaƙe zalla, don a ga ba iyawa ce suka rasa ba.

Bala: Ni ban ji kun ambaci Marion Motley ba. Shi ma baƙar fata ne, 1946 ya fara da Cleveland Browns, tare da Bill Willis.

Hajara: Wannan a wata gasa daban ne mai suna AAFC, Browns sai 1950 suka shigo NFL. Amma Motley ya fi Washington daɗewa da suna. Washington kaka uku kawai ya yi.

Auwalu: Ku duba dai, bayan Washington ba a sake rufe ƙofar ba. George Preston Marshall, mai ƙungiyar Redskins, ne ya turje ya ƙi ɗaukar baƙar fata har 1962, sai da gwamnatin Kennedy ta ce ba zai yi wasa a sabon filinta ba.

Malam Sani: Wannan na yarda. Amma ka daina cewa "na farko". Ka ce na farko bayan yaƙin duniya na biyu.

Auwalu: Zan daina ranar da suka sa Washington a zauren gwaraza na garin Canton, inda ake karrama manyan 'yan wasan. Pollard ya rasu a 1986, sai 2005 suka tuna da shi. Washington ya rasu tun 1971.

Bala: Motley dai tun 1968 yana ciki.