Wai da gaske babu wanda ya fi Sarki, a karta ko a mulki?

Sani: Jama'a ku raba mu gardama da ƙanina don Allah. Jiya muna karta na ajiye K, wato sarki, ya ɗora A ya kwashe, na ce masa wannan doka daga baya aka ƙirƙiro ta, sarki ai sarki ne, a karta ko a mulki babu wanda yake samansa. A ɗin nan ɗigo ɗaya ne tal a jikinta, ta yaya ɗaya za ta ci sarki?

Malam Bashir: Sani rabin maganarka gaskiya ce. A farkon zuwan karta Turai wajen 1370 sarki ne kan gaba, A kuwa ita ce ɗaya, ƙaramar cikinsu. Kartar ma daga Masar ta zamanin daular Mamluk ake ganin ta shiga Turai, kuma tasu akwai malik, sai na'ibinsa, sai na'ibi na biyu, babu sarauniya kwata-kwata. Daga baya ne wasu wasanni suka ɗaga A sama da K.

Sani: To ka gani Malam! Abin da nake faɗa kenan.

Anti Hauwa: Dakata ƙanena, ai ba ka ce karta kawai ba, cewa ka yi har a mulki babu mai fin sarki, kuma nan ne ban yarda ba ko kaɗan. A 1871 da aka haɗe Jamus akwai sarkin Bavariya, akwai na Saksoni, kowa da fadarsa da rawaninsa da kowa yake rusuna masa, amma Wilhelm na Prusiya shi ne Kaiza, wato sarkin daular gaba ɗaya, a samansu. A Habasha ma Haile Selassie da aka naɗa a 1930 laƙabinsa sarkin sarakuna ne, to sarakunan wa yake mulka in babu sarki a ƙasansa?

Sani: Anti ai shi ma sarkin sarakunan sarki ne, suna kawai aka ƙara masa.

Anti Hauwa: Ba suna kawai ba ne wlh. In da suna ne kawai majalisar Ingila ba za ta zauna a 1876 ta yi doka guda don a ƙara wa Biktoriya sarautar daular Indiya ba, alhali ta kusa shekara 40 tana sarauniya.

Usman: Ni tambayata daban, su sarakunan huɗu na karta wa ya fi wani? Na taso ina jin mai alamar shebur shi ne babba.

Malam Bashir: Ya danganta da wasan Usman. A wasan birij shebur ce sama, sai zuciya, sai daimon, sai mai ganye uku, amma a wasan foka K duk K ce, ba a duba alama wajen tantance wanda ya ci. Kuma abin da zai ba ku mamaki masu yin karta a Faransa sun sa musu sunaye, har yau suna rubuce a kartarsu: mai zuciya Charles, wanda ake ɗauka Shalman ne, wani babban sarkin Turai na da, mai daimon Juliyas Kaisar na Rum, mai ganye uku Iskandar na Masedoniya, mai shebur kuma David.

Usman: David wai Annabi Dawud (AS)? Gaskiya wannan bai yi mini daɗi ba Malam, sunan Annabi a jikin abin wasa.

Malam Bashir: Shi suke nufi, shi ya sa suke zana shi da molo a hannu. Ni ma ba na jin daɗin abin. Irin kartar Ingila da ta fi yawo a duniya dai babu suna ko ɗaya a jikinta.

Anti Hauwa: Sani ka duba jerin nan da kyau. Kaisar bai taɓa zama sarki ba, an miƙa masa kambi a bainar jama'a ya ƙi karɓa, mutanen Rum ba sa son jin kalmar sarki ma, amma daga sunansa aka samo Kaiza na Jamus da Tsar na Rasha. Shalman kuma yana sarkinsa Fafaroma Leo na 3 ya naɗa shi sarkin daula a shekara ta 800, in sarki ne ƙarshe me ya kai shi karɓa?

Sani: Na yarda da na mulki Anti, kin kama ni a nan. Amma na karta ina kan bakana, tunda Malam da kansa ya ce asali K ce sama, kuma har yanzu a wasan kartar da ake kira rami mutane da yawa A ɗaya suke ƙirga ta.

Usman: Yaya Sani to wane wasa kuka yi jiyan? Don in wanda A take sama ne ƙanin naka ya ci halak malak.

Sani: Ba mu faɗi doka kafin a raba ba, daga nan rigimar ta taso. Yau da dare za mu sake, ni zan raba kuma zan ce K ce sama tun kafin kowa ya ɗaga kartarsa.