Ta haddace komai, amma maitosis da mayosis sun ƙi zama mata

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Wallahi na rasa inda zan sa kaina. Ƙanwata ce, tun rasuwar mahaifiyarmu take hannuna, kuma tun tana firamare take cewa likita za ta zama. Ni ban yi kimiyya ba, ɓangaren kasuwanci na yi, abin da na sani hadda ce. Na saya mata littafi mai kauri, duk kalmar bayoloji da aka ba su sai ta rubuta ta da jan biro, ma'anarta da baƙi. Kullum da daddare in riƙe littafin ta karanto mini, har maigidana ya fara ƙorafin na mayar masa da falo aji. Ma'anar osmosis tana kawo ta ba tuntuɓe. Amma da aka yi gwaji, aka zana musu yankakken dankali cikin ruwan gishiri aka ce me zai same shi, sai ta bar wurin fili. Maitosis da mayosis kuwa, wato hanyoyi biyu na rabuwar ƙwayar halitta, kullum sai ta juya su. Jarrabawa ta matso. In ƙara mata lokacin hadda ne ko in nemi mai lesin?

Tsohon malamin kimiyya: Wa alaikumus salam. 'Yata, ajiye littafin nan tukuna. Yarinyar ba ta da laifi, aku kike neman mayar da ita. Yau ɗin nan ki yanka dankali gida biyu daidai wa daida, ɗaya a ruwan zalla, ɗaya a ruwan da aka cika wa gishiri. Bayan awa ɗaya ki ce ta lanƙwasa su. Na ruwan zalla zai yi ƙarfi, na gishiri zai yi laushi lagwab, don ruwan cikinsa ya fita ya bi inda gishiri ya fi yawa. Osmosis ke nan, hannunta zai gaya mata. Batun rabuwar ƙwayar halitta kuma lissafi ne. Ƙwayar jikin mutum tana da kuromosom 46, wato zarurrukan da ke ɗauke da gadon halitta. Maitosis na ba da ƙwayoyi biyu, kowace da 46 ɗinta, da shi jiki ke girma, rauni ke warkewa. Mayosis na ba da huɗu, kowace da 23, shi ke samar da ƙwan mace da maniyyin namiji. 23 na uwa da 23 na uba, an koma 46. Wanda ya gane dalilin rabin nan ba zai sake juya su ba.

Wani mamba: Malam ka tuna mini baƙin ciki. Shekara uku muna sakandare ban taɓa leƙa madubin ƙara girma ba. Yana nan kulle a kabad, wai kada mu fasa. Fatar albasa muka zana daga allo, muka rubuta "abin da na gani". Har yau abin na ci mini rai.

Ɗalibar likitanci: Anti, kada ki jefar da littafinki. Da girmamawa Malam, amma mai duba takarda kalmomi yake nema. In ba ta rubuta cewa ruwan yana ratsa tantani mai zaɓar abin da zai wuce ba, maki ya tafi ko da ta fahimta. Mu nan ƙasusuwan babban mutum 206 muke haddacewa da sunayensu, ba wani dankali da zai taimake ka. Ta samo tambayoyin shekarun baya ta yi ta yi.

Mai tambaya: To kun ji. Ni dama na san haddar ba banza ba ce, da ita ta ci tarihi da adabi. Kuma Malam, kalmar aku ta yi mini nauyi, ba ka san wahalar da na sha a kan yarinyar nan ba.

Tsohon malamin kimiyya: Ki yi haƙuri da kalmar, amma ban janye maganar ba. Tambaye ta wannan: jijiyar atari wane jini take ɗauka? Za ta ce mai iskar oksijin, haka ake haddacewa. To atarin da ke zuwa huhu jinin da oksijin ɗinsa ya yi ƙasa take kaiwa. Abin da ya sa ake kiranta atari shi ne tana fitar da jini daga zuciya, shi ke nan. A irin nan masu hadda ke faɗuwa. Sunayen ma da ke ba ku tsoro yawancinsu Girkanci ne da Latin da aka harhaɗa. Ɗauki fotosintesis, foto haske, sintesis haɗawa: ganye na haɗa ruwa da iskar kabon dayoksaid da ƙarfin hasken rana ya samar da sukari, ya saki oksijin. Kalmar sel kanta, wato ƙwayar halitta, Robert Hooke ne ya duba ɓawon itace a madubi a 1665, ya ga 'yan ɗakuna jere, ya sa musu sunan ƙaramin ɗaki. Ke kuma ɗalibar likita, ki bari ki gama tukuna.

Wata uwa: Ni dai masu lesin sun ishe ni. Wanda na ɗauko wa ɗana wata biyu yana zuwa yana latsa waya, yaron na kwafar littafi. Wai ƙanwar taki ajinta nawa ne ma? Kuma ita yarinyar kin tambaye ta abin da ke ba ta wuya?

Mai tambaya: Ai ba ta magana, ko ka tambaya sai ta ce ba komai. Na gode muku duka. Dankalin zan gwada in na samu sarari, amma yanzu lokaci ya ƙure, na riga na ƙara mata awa ɗaya da safe. Akwai mai jerin kalmomin babin gadon halitta? Na su Mendel ɗin nan, shi za mu shiga gobe.

Wani mamba: Ni ma in an samu a turo mini.