Ragona ya rage tuƙa bayan na ƙara masa masara

Assalamu alaikum, likitocin dabbobi da masana kiwo. Ina neman shawararku kan ragon da nake kiwatawa, wanda ya rage tuƙa tun lokacin da na ƙara masa dusa da tsakin masara, na kuma rage masa harawa domin ya yi saurin ƙiba.

Abin da na fahimta shi ne, jikin dabba ba ya samar da sinadarin da ke narkar da selulos, wato zaren da ke cikin ciyawa da kara. Ƙwayoyin bakteriya da ke zaune a tumbinta ne suke farfasa shi har jiki ya amfana, hatsi kuwa idan ya yi yawa yakan sa tumbin ya yi tsami, ƙwayoyin su raunana. Yau kwana 6 ke nan kashinsa ruwa-ruwa ne mai warin tsami, ina ganin zaren harawa a ciki bai narke ba, kuma yakan shinshina abincin ya juya, abin da ya tayar mini da hankali ƙwarai.

Na janye masarar, amma bai dawo daidai ba. Shin ƙwayoyin za su farfaɗo da kansu idan na bar shi kan harawa zalla? Idan kanwa za ta rage tsamin, wane ma'auni zan jiƙa masa wanda ba zai cutar da shi ba?